Ƙofar da Leda Ta Rufe

Rana ta riga ta faɗa bayan gidajen maƙwabta, hasken da ya rage bai wuce na gane fuskar mutum ba, sa'ad da tsakuwa ta farko ta faɗo kan rufin kwanon gidan Mai Fenti. Yana tsugune a bakin famfo yana wanke buroshi, matarsa tana kwashe shanya, 'yarsu Auta kuma dawowarta ke nan daga aiki, tana cire takalmi a ƙofar ɗaki. Babu wanda ya ɗaga kai. Unguwa ce mai yara, yara kuwa ba sa rabo da jifa.

Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo ta. Ta huɗun ba a rufi ta sauka ba. A tsakar gida ta faɗi, daidai tsakanin ƙafafun Auta, kuma daga wajen ɗakin baya ta fito, ɗakin da ba shi da taga, ƙofarsa a kulle. Mai Fenti ya sunkuya ya ɗauka. Sanyi ƙalau take, a jiƙe sharkaf, alhali an fi wata biyu ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

"Ku shiga ciki," ya ce a hankali. "Magariba ta yi."

Shekara talatin Mai Fenti ya yi yana yi wa akwatunan wasa ado, irin dogayen nan masu tsayin mutum, da allo a gaba, da maɓallai da sandar juyawa, waɗanda ake jefa musu tsabar kuɗi su kunna. Masu gidajen wasa su kawo masa akwati tsirara, shi kuma gefunan nan biyu su ne gonarsa. Ya goge katako da samfefa, ya shafa farin fenti a matsayin shimfiɗa, ya zana da fensir, sannan ya bi da launi bisa launi, dodanni da motocin tsere da jiragen sama, a ƙarshe ya rufe da banish, man nan mai sheƙi da ke kare fenti. Akwati ɗaya yakan ci masa mako uku.

Daga baya leda ta shigo gari, irin mai gam a baya, wadda inji ke buga mata hoto a manna a jikin katako. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne a shagon da ake buga ledar Auta ta samu aiki. Kullum aka zauna cin abinci sai an taɓa.

"Baba, abin da kake yi mako uku, injinmu kafin shayinka ya huce ya gama. Guda goma duk iri ɗaya, kamar an tsaga kara."

"To ai aibin ke nan," yakan ce. "Fenti shiga jikin katako yake yi ya zama fatarsa. Ledarku kuwa rigar aro ce."

"Rigar aron nan dai ba ta wari, ba ta sa tari."

Sai ya yi dariya, dariyar ta zarce da tarin, ita kuma ta miƙa masa ruwa tana cewa ga shaida nan.

A da su huɗu ne a gidan. Akwai wan Auta, wanda ya gaji hannun ubansa har ya so ya fi shi. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi yana da shekara ashirin da biyu. Abin da ya bari shi ne akwati ɗaya a ɗakin baya, na wasan tseren motoci, amma a gefensa na dama maimakon mota sai ya zana wani ɗan gida a gindin tudu, rafi na wucewa ta gabansa, da shuɗiyar ƙofa a ɗan buɗe. Uban ya yi faɗa a lokacin, ya ce me ya haɗa tsere da gida. Yaron ya ce, "Baba, mai tsere ma ai in ya gama gida zai koma." Saura banish kawai ciwon ya kwantar da shi, kuma uban bai taɓa iya ɗora buroshi a kan aikin ba.

Shekara huɗu ke nan. Uwar ba ta sake taka ɗakin ba, ko sunan ɗan ba ta iya kamawa, har maƙwabta suka daina kiran ta da sunansa suka koma Maman Auta. Uban kuwa duk yamma sai ya yi sallama a ƙofar ɗakin kamar akwai mai amsawa, ya zauna a kan wata gajeriyar kujera yana kallon zanen har duhu ya cinye shi. Ranar da aka fara jifan ce kaɗai bai shiga ba. Ya dawo daga asibiti inda ake duba masa ƙirji, aka nemi makulli aka rasa.

Washegari da magariba jifan ya dawo. Rana ta uku aka ƙara da wani abu: ƙarar tsaba tana gangarawa cikin akwatin wasa, ƙwaras, ƙwaras, ɗaya bayan ɗaya, alhali akwatin ko wayar wuta ba a haɗa masa ba. Bayan ita sai ƙwanƙwasa, ba mai ƙarfi ba, irin ta ƙaramin hannu da ya gaji. Mai Fenti ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon.

Babu kowa a ɗakin. Gwangwanayen fenti suna jere inda suke, kujerarsa tana inda ya bar ta. Amma akwatin ya zama baƙo. Daga sama har ƙasa leda ce mai sheƙi, jar mota tana keta wuta, ba kumfa ko ɗaya, ba lanƙwasa, aikin gwani. Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo sai ya ga Auta a bayansa, makulli a tafin hannunta.

"Likita ya ce damuwa ce ke ƙara maka ciwon," ta ce. "Kullum kana nan a zaune kamar mai gadin kabari, Mama kuma ta wata hanya take zagayawa don kada ta ga ƙofar. Na gaji da ganin ku haka, Baba. Zanen Yaya yana nan a ƙarƙashi, ba abin da ya same shi. Ledar ma kare shi za ta yi."

Ya shafa gefen akwatin da tafin hannu. Santsi ne kawai, babu tudun buroshi ko ɗaya. Ya san abin da ita ba ta sani ba: fentin da ba a rufe da banish ba, in gam ya kama shi, ranar da aka ɗaga leda tare za su tashi. Bai faɗa mata ba.

"Kin iya aiki," ya ce kawai, ya fita.

Daga nan gidan ya yi nauyi. Da rana lafiya lau, amma inuwar katanga na kaiwa bakin famfo kowa sai ya yi tsit. Kwanuka sukan kife da kansu. Ana jin kukan mace daga can ƙasa-ƙasa, in ka nufi ɗakin baya ya koma soro, in ka nufi soro ya koma ɗakin baya. Maƙwabta suka hau katanga da tocila ba su ga kowa ba, daga baya suka fara janye 'ya'yansu da wuri. Ƙaramar ƙwanƙwasar nan tana ta raguwa kullum, ranar ta shida ba a ji ta ba sam.

Rana ta bakwai Auta tana zuba ruwa a buta sai butar ta suɓuce. Ta miƙe tsaye ƙyam, ta taka zuwa ɗakin baya da wata irin tafiya ta tsohuwar da ta sha hanya, ta durƙusa gaban akwatin ta fara kartar ledar da farce. Ledar ba ta ko yi alama ba, farcen ne suka kakkarye har jini. Uban ya riƙe ta, ta yar da shi gefe kamar tsumma. Uwar tana tsaye a tsakar gida tana kiran sunan Allah, ƙafarta ta kasa tsallake dokin ƙofar. Kwana biyu Auta ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, goshinta jingine da jar motar nan, hawaye na zuba ba tare da ta ƙifta ido ba.

Ranar ta tara bayan la'asar aka zo da wani Malam mai ruƙiyya. Tsoho ne siriri mai tabarau, da 'yar jaka a hammata, ba mai hayaniya ba. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya zauna a kan gajeriyar kujerar nan, ya fara karatu da murya daidai wadda ɗaki zai ji. Ya daɗe yana yi. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya koma ja, sannan ya fara dushewa. Can Auta ta juyo da kanta a hankali, ta dube shi da idanun da ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Murya ce ta babbar mace, a dishe, irin ta wadda ta yi kuka har makogwaro ya bushe.

"Wace ce ke," in ji Malam, "kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta rufe mini ƙofa."

"Wace ƙofa?"

Hannun Auta ya ɗago ya dafa tsakiyar ledar. "Shuɗiyar. Mu ba ma neman wuri mai faɗi. Inda aka yi abu da hannu aka bar kafa, nan muke raɓewa. Yaron da ya zana ta a buɗe ya bar ta. Shekara huɗu ina ciki, ban taɓa ko cokalinsu ba. Tsohon nan yakan yi sallama, ina amsa masa, bai sani ba. A nan na haihu." Ta danna tafin hannu a kan ledar. "Na fita ɗebo ruwa na bar ɗana yana barci. Na dawo na tarar da bango mai santsi, babu inda zan sa ko farce. Na yi jifa, suka ce yara ne. Na yi kuka, suka toshe kunne. Shi kuma yana ƙwanƙwasawa daga ciki. Kwana uku ke nan ban ji shi ba."

Mai Fenti ya zauna daɓas a ƙasa.

Malam ya ce, "An cuce ki, amma ba da sani ba. Ke kuma da saninki kika shiga jikin da ba naki ba. Ki fita, za a buɗe."

"A buɗe tukuna. In ya fito da rai, na tafi, ba za ku sake jin ɗuriyata ba. In babu rai, to rai a bakin rai."

"Ba a wannan ciniki a gabana," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "Rai ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Abin da zan karɓa daga gare ki shi ne rantsuwa da Wanda ya halicce mu da ku, ba za ki taɓa ta ba har a gama buɗewa. Bayan nan ni da ke ne."

Ta rantse.

Malam ya juya wajen Mai Fenti. "Ana iya ɗaga abin nan?"

"Ana iyawa, da zafi." Ya shafa bakin ledar. "Amma zanen zai biyo shi. Ba a yi masa banish ba."

"To shawara taka ce. Ina iya matsa mata da karatu ta fita dole, sai dai wanda aka kora da ƙarfi alhali yana da gaskiya, ba ya nisa."

Mai Fenti ya dubi akwatin, ya dubi yatsun 'yarsa da jini ya bushe a kai. "Wancan ya riga ya tafi, Malam," ya ce. "Wannan tana numfashi."

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya hura zafi, ɗaya ya ja. Wadda ta fi kowa iyawa kuwa ita ce ke durƙushe ba ta cikin hayyacinta. Ya leƙa tsakar gida. "Maman Auta, ɗauko na'urar busar da gashin yarinyar nan."

Ta ɗauko, ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Ya miƙa hannu zai karɓa, sai ta girgiza kai. Ta runtse ido, ta yi bisimilla, ta tsallako.

Ta riƙe na'urar da hannu biyu tana hura iska mai zafi a kusurwar sama, shi kuma ya sa reza ya ɗaga bakin ledar ya fara ja, kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗaye bandeji daga gyambo. Sararin samaniya ne ya fara tashi, shuɗi-shuɗi manne a bayan ledar, katako fari fat a ƙarƙashi. Tudun ya biyo baya. Wani wuri fentin yakan tsaya, ɗan faci kamar tafin hannu, sai ya ga tafiyar buroshin ɗansa, yadda yake karkata shi hagu in ya zo ƙarshen layi, kafin ja na gaba ya tafi da shi. Gumi da hawaye suka haɗu a gemunsa. Matar ido kawai ta zuba wa zanen da ba ta taɓa yarda ta kalla ba, tana ganin sa a karon farko yana mutuwa.

Da suka iso ƙofar, sai ledar ta saki da kanta. Rufin gidan ya tafi, bango ya tafi, amma shuɗiyar ƙofar ta tsaya na ɗan lokaci ita kaɗai a jikin farin katako. Wata iska mai sanyi ta fito, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, har fitilar ɗakin ta yi ƙasa. Auta ta rarrafo ta miƙa hannaye biyu. Babu wanda ya ga abin da ta karɓa, amma duk sun ga nauyinsa, yadda damatsanta suka ɗan sauka, yadda ta tallafo wurin kai. Ta kara kunne a ƙirjinsa. Ta girgiza shi a hankali. Ta sake kara kunne.

Kukan da ya fito daga bakinta ya sa gwangwanayen fenti suka yi ta karkarwa a kan kantar da aka jera su. Shuɗin fentin ya marmashe ya zubo ƙasa. Jikin Auta ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, numfashinta ya fara sarƙewa. Malam ya miƙe ya ɗaga murya da karatu, amma kafin ya kai ƙarshen aya uwar ta ajiye na'urar, ta durƙusa gaban 'yarta, gwiwa da gwiwa.

"Baiwar Allah," ta ce. "Sannu. Allah Ya ba ki haƙuri."

Malam ya sassauta.

"Nawa ma a hannuna ya cika. Ina riƙe da kansa kamar yadda kike riƙe da naki, ina cewa barci yake yi. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, na ɗora wa likita, na ɗora wa ubansa, na ɗora wa kaina. Ba wanda ya dawo mini da shi." Ta share fuska da bayan hannu. "In kin ɗauki wannan, hannunki ba zai cika ba, nawa ne kawai zai ƙarasa zama wayam. Ba ta san kina ciki ba. Tausayinmu ta ji, shi ya sa ta yi."

Wuyan Auta ya dawo daidai sannu a hankali. Idanun nan suka tsaya a kan uwar.

"Na san kukanki," muryar ta ce. "Ta bango nake jin sa, in kin ɗauka kowa ya fita." Ta dubi abin da ke hannunta. "Ba ni da abin da zan naɗe shi."

Uwar ta cire mayafinta ta shimfiɗa a kan hannayen. Suka naɗe shi tare, ita tana gyara wajen ƙafafu.

"Ki tafi da aminci," in ji Malam. "Kada ki waiwayo gidan nan, kada ki aiko."

"Me zan dawo nema?" ta ce.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Iskar ta bi ta ƙofa ta fita, ta kaɗa igiyar shanya, shi ke nan. Da aka kunna babbar fitila an duba ko'ina, ba a ga mayafin ba.

Auta ta farka tana neman ruwa. Ta sha, ta dubi yatsunta, ta ɗaga kai ta ga farin katako da ledar a yashe a ƙasa, bayanta duk ɓarɓashin launi. Ba sai an yi mata bayani ba. Ta kifa fuska a ƙafafun ubanta tana cewa ta sa Yaya ya mutu sau biyu. Ya ɗago ta, ya ce kada ya sake jin wannan magana a bakinta, fenti ne da katako, shi ma da ya yi banish ɗin tun tuni da ba a kai ga haka ba. Sai daga baya, da ta yi ƙarfi, uwar ta gaya mata sauran labarin, don ta ce abin da aka ɓoye wa mutum shi ke cin sa. Auta ta yi wata guda ba ta je shago ba. Da ta koma, ba ta sake manna leda a kan aikin hannun wani ba sai ta tambayi mai shi sau biyu, kuma in tsohon zane ne takan ce a kai wa babanta ya gani tukuna.

Jifa bai sake faɗowa a gidan ba. Akwatin ya tafi wani gidan wasa da farin gefe, aka share ɗakin baya aka fasa masa taga. Mai Fenti ya rage aiki saboda ƙirjinsa, yakan zauna a tsakar gida da yamma tare da matarsa, wani lokaci su yi hirar ɗansu, wani lokaci su yi shiru. In ta idar da sallar magariba ta ɗaga hannu tana yi wa ɗanta addu'a, takan ɗan dakata, sannan ta ƙara da ɗan wata baiwar Allah da ba ta taɓa ganin fuskarta ba.